Kyaftin Ya Hana Cara

A zamanin da, a wani ƙauye na ƙasar Hungari, gwamnati ta girke 'yan sandan karkara masu soka gashin zakara a hula. Mutanen garin ba sa son su, har suka kai kuka majalisa a ɗauke musu su. Kafin amsa ta zo, duk inda 'yan sandan suka gifta sai a ji cara daga bayan shinge.

Shugaban 'yan sandan, Kyaftin Benedek, ya sa aka kamo Etelka mai sayar da ƙwai, wadda ta zaga gida-gida da takardar koken.

Ya ce, "Daga yau kada in ƙara jin cara a garin nan, ta mutum ko ta kaza. In na ji, ke zan kulle."

Etelka ta rusuna. "Ranka ya daɗe, zakarun za su tambaye ni laifinsu."

"Cin mutuncin hukuma."

"To a rubuta mini, a buga hatimi, in karanta a kasuwa: duk wanda ya yi cara, da Kyaftin yake, don da harshensa aka yi magana."

"Ni zakara ne?"

"Allah ya kiyaye. Ashe ba da kai ake ba ke nan."

Kyaftin ya ɗauki alƙalami, ya ajiye, ya sake ɗauka. Can ya ce ta ɓace masa da gani.

Tana fita ta bubbuga cinyoyinta, ta miƙe wuya, ta rangaɗa cara. Gari ya amsa gaba ɗaya, har da limamin coci.