Ruwan Fayar da Ya Tsayar da Haƙoran Tanimu

Ku aje wayoyin nan ku matso, yau ku zan sa alƙalanci.

An yi wani mai algaita, sunansa Tanimu. In ya kumbura kumatu ya busa, tsohuwa irina ma sai ta nemi inda za ta jefar da sandarta. Amma yana da taurin kai. Wata rana ana kai kayan amarya a bayan a-kori-kura, aka ce ya bari sai an sauka, ya ce shi busa a tafe ta fi daɗi. Mota ta faɗa rami, algaitar ta koma masa baki. Dasashinsa ya dagargaje, ƙashin da ke riƙe da haƙoran gaba ya tsage, haƙoran suka riƙa lilo. Mai algaita kuwa da su yake tokare leɓe. A asibiti aka ce cirewa za a yi. Tanimu, ƙato guda, ya zauna a benci yana hawaye.

To, akwai wata likitar haƙori, Dakta Murjanatu. Ta daɗe tana bincike a kan ruwan faya, wannan da jariri ke kwance a ciki, wanda in ya fashe muke cewa haihuwa ta zo. Ita ta ce abin da ke rainon tsoka da ƙashin jariri, wataƙila ya taimaki dasashi ya sake cika. Abokan aikinta har ungozomar haƙori suke ce mata don tsiya. Ta duba bakin Tanimu ta ce, "Malam, gwaji ne, ban yi maka alkawari ba. Kuma ruwan sai wanda aka ɗiba da tsabta lokacin tiyata, da yardar mai cikin." Tanimu ya ce a ransa, wace mace ce za ta yarda da wannan?

Sai ga ƙanwarsa Azumi da tsohon ciki. Ungozomar unguwa, Inna Tabawa, ita ta shafa cikin ta ji ɗan ya kwanta a gicciye, ta kora ta asibiti, aka sa ranar fiɗa. Da Azumi ta ji zancen yayanta, ta ce, "Yaya, a ɗiba." Dangin mijinta suka yi tsalle suka dire. Kun san al'adarmu, abin da ya biyo jariri a gidan ubansa ake binne shi, ba a bari ya faɗa hannun baƙo. Surukarta ta ce, "In yaron nan ya ko yi tari, ke ce." Azumi ta ji tsoro, kar ku ce ba ta ji ba, ciki na fari ne. Amma ba ta janye ba.

Da rigima ta ƙi ci, Inna Tabawa ta yafa mayafi ta tafi gidan surukan. Ta ce wa surukar Azumi, "Ke Hajjo, ni na karɓi haihuwarki duka. Wace rana kika ga na binne ruwan faya? Da tsumma nake goge shi, kaji su bi ta kai. Mabiyiya ake binnewa. Ita kuwa ni zan tsaya a ƙofar ɗakin tiyata da ƙwaryata, in kawo miki ita har gida." Surukar ta yi ƙunƙuni, ta ce to. Haka kuwa aka yi. Aka ciro yaro lafiyayye, Inna Tabawa ta kawo mabiyiya, aka wanke aka binne a bayan ɗaki.

Ita kuma Dakta Murjanatu ta tace ruwan, ta auna shi ta tabbatar ba cuta, ta ɗaure haƙoran da siririyar waya, ta sa maganin a cikin raunin ta ɗinke. Sau ɗaya wurin ya kumbura, manyanta suka ce a cire a huta, ta roƙi a ƙara mata lokaci. Tanimu ya yi wata da watanni yana shan kunu da koko. Ran nan ya taɓa haƙoran da harshe, ya ji sun tsaya kyam. Sabon haƙori bai fito ba, kar ku je ku ƙara gishiri. Nasa ne suka sake kama ƙasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun yana jinya ya yi rantsuwa cewa numfashin farko da zai sa a algaita, taken wadda ta cece shi zai busa. Taken farko kuwa na mutum ɗaya ne, ba a raba shi. Ranar da yaron ya fara rarrafe aka tara jama'a a tsakar gida. Ga likitar da ta san sirrin ruwan ta jure dariyar abokan aikinta. Ga Azumi da ɗanta a cinya, wadda ta ba da ruwan da bakin mutane a kanta. Ga Inna Tabawa tana cin goro, wadda ba don ita ba da ruwan ya ƙare a bokitin shara. Tanimu ya ɗaga algaita, ya cika kumatu, ya tsaya.

Ni dai na san tawa, amma ba zan faɗa ba. Ku, wa za ku ce ya fara juyawa wajenta?