Mutumin da Yake Jefa Leda Sama

Akwai wani mutum, gidansa na gabas da wata babbar bola a tsakiyar gari. Bolar nan ba abin da ba ta ci. Ledar ruwa, tsohuwar taya, mataccen batir, takalmin roba ƙafa ɗaya. In ta cika sai a cinna mata wuta, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, mai ɗaci, har kaji su riƙa tari.

To mutumin nan wayo gare shi, irin na ƙin Allah. Kafin ya ƙyasta ashana sai ya jefa leda sama. In ta yi yamma, ya ce, "Yauwa, yau rabon mutanen ƙetare ne," ya kunna. In ta dawo kansa, ya mai da ashana aljihu ya shige gida. Maƙwabta suka gani, suka koya, suka sa masa suna Baba Mai Ashana.

Ran nan wata tsohuwa daga yamma, Mama Afiniki, ta zagayo bolar da sandarta. Ta ce, "Baba, mu yi gayya ran Asabar. Roba a ware wa masu saye, ruɓaɓɓe manoma su kwashe su yi taki, saura mu kira mota. A daina wutar nan, yaranmu ba sa barci."

Ya ce, "Mama, ni na aiko hayaƙin? Iska ce. Je ki kai ƙararta wajen mai unguwa."

Aka kwashe da dariya. Tsohuwa ta juya tana tari.

Ashe mutumin nan yana da 'ya, Rifkatu, tana aure a yamma ɗin. Ta haifa masa jika, aka sa wa yaron sunansa. Kullum yana cika baki, "Takwarana kaza, takwarana kaza." Amma in ya jefa leda, ko sau ɗaya bai taɓa tambaya gidan wa za ta sauka ba.

Sai yaron ya fara tari. Ƙirjinsa na ƙugi kamar tsohon babur. Aka je asibiti aka dawo, aka sake komawa. Da kakan ya je dubiya, Rifkatu ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Baba, duk ranar da iska ta taso daga wajenku, haka muke wuni da shi a hannu."

Ya kalli bangon ɗakin, ya ga ya yi baƙi kamar gindin tukunya. A bakin taga ga wata leda ta maƙale.

Ya koma da gudu, gida gida yana buga ƙofa. "Jama'a, mu yi gayyar nan! Ku taimake ni, takwarana ne!"

Maƙwabcinsa ya fito yana sakace. Ya jefa leda sama, ta yi yamma. Ya ce, "Haba Baba, yau ai ranarmu ce. Kai fa ka koya mana." Ya ƙyasta.

Asabar ta zo. Mutum biyu ne a bakin bola, shi da Mama Afiniki, da cebur ɗaya. Kafin wata Asabar aka binne yaron. Suna dawowa daga maƙabarta, hayaƙi na bin su a baya.

Ma'anar misalin nan ba ta da wuya, ko ni da na tsaya a firamare na gane ta. Bolar ita ce wadda ke bayan cocin nan, kada kowa ya leƙa taga kamar bai san ta ba. Wutar ita ce zunubin da muke cewa ba komai, tunda wani zai shaƙa. Ledar kuwa zuciya ce mai tambaya "zai taɓa ni?" ba ta tambaya "wa zai taɓa?" Ubangiji bai raba iska gabas da yamma ba. Wanda kake turo wa hayaƙi maƙwabcinka ne, wata rana kuma jininka ne. Kuma mugun halin da ka koya wa mutane, ranar da ka tuba ba ya tuba tare da kai.

Ga ku nan kuna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Zumuntar mata ta kira gayya ran Asabar, a kwashe bolar nan. Na sani, ranar ce kowa ƙugunsa zai riƙe, kowa surukarsa ba lafiya. Maza za su ce aikin mata ne, mata su ce ba cebur. Ran Lahadi mu dawo mu yi waƙa, rabi waƙa rabi tari.

Ku rufe ido mu yi addu'a. Wanda ashana ke aljihunsa, ya cire hannu daga ciki tukuna.