Mai Labaran Ƙarfe Bakwai da Mahaifiyarsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai karanta labarai a gidan talabijin na garinsu. Allah ya ba shi murya, ya ba shi kwarjini. Ƙarfe bakwai in ya yi sallama, har masu shago sukan rage surutu.

Yana da uwa, tsohuwa, a can ƙarshen gari, ƙanwarsa ke kula da ita. Da fari yana zuwa duk mako, ya koma duk wata. Daga baya ya saya mata ƙatuwar talabijin, ya ce ai kullum tana ganinsa. Ita kuwa baiwar Allah, kafin bakwai ta yi wanka ta zauna gaban akwatin. In ya yi sallama ta amsa, har ta tambaye shi gajiya.

Wata rana ƙanwar ta kira shi. "Yaya, Inna fa ta fara mantuwa. Jiya cewa ta yi wai ni 'yar gidan wane ne."

"Tsufa ne. Yanzu zan shiga karanta labarai, zan neme ki."

Bai neme ta ba.

Ƙa'idar aikinsu ce mai karatu ya duba takardu kafin ya zauna. Shi ya daɗe da dainawa, ya fi ƙarfin haka. Rubutu na gudana a gilashin kyamara, ya karanta abin da ya zo. A gefensa akwai ƙaramin allo mai nuna abin da mutanen gari ke gani, amma ba ya kallonsa sai in fuskarsa ce a kai, don ya gyara wuyan riga.

Ran nan sanarwa ta zo a ƙarshen labarai. Ya karanta da muryar nan tasa mai daɗi: an tsinci wata tsohuwa a tashar mota, ba ta san sunanta ba, ba ta san gida ba, cewa kawai take ta fito neman ɗanta. Aka sa hotonta, bai duba ba. Har ya ƙara nasa: "Jama'a, mu riƙa kula da iyayenmu."

Aka kashe fitilu. Mai kyamara, wanda ya san gidansu tun farkon aiki, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Lafiya? Tuntuɓen harshe na yi?"

Ya shafa fuskarsa, ya duba rigarsa, ya rasa me ya ɓata. Sai da ya kunna waya ya tarar da kiran ƙanwarsa rututu tun azahar.

Rabin gari ya san tsohuwar nan mahaifiyarsa ce. Kafin kwana biyu maganarsa ta zaga wayoyi, ana maimaita ta ana dariya. Shugaban gidan talabijin ya ce ya je ya huta, aka ba wani kujerar.

Ya tafi gidan mahaifiyarsa, ya tarar an dawo da ita, ya durƙusa gabanta. "Inna, ni ne."

"Sannu bawan Allah. Wa kake nema?"

Bakwai ta yi, ta taɓa kafaɗarsa. "Ɗan matsa gefe, ɗana zai zo."

Ya matsa. Baƙuwar fuska ta fito a talabijin ta yi sallama. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yau ma bai zo ba."

Ina zai je ta gan shi? Ga shi kusa da ita, ba ta san shi ba. Inda ta san shi kuma an rufe masa ƙofa. Har yau yana zaune a gefenta, kullum bakwai tana tambayarsa ko ya ji labarin ɗanta, shi kuma da ya shekara yana ba gari labari ya rasa amsar da zai ba ta.

Ya 'yan uwa, aike ba ya maye gurbin zuwa, kuma uwa ba ta jiran mu gama aiki kafin ta tsufa. Wanda tasa ke raye kuma tana gane shi, me yake jira? Ya je yau, da ƙafarsa.

Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke makantar da ɗa ga mahaifiyarsa, ya sa mu isa gare su tun suna iya kiran sunanmu. Amin.