Abin Wuyan Duna

Akwai wani kafinta da abokan sana'arsa ke kira Sai-an-jima, domin duk abin da aka ce ya yi, amsarsa ke nan. Ba mugu ba ne, jan ƙafa ne kawai ya yi masa yawa.

Da ya samo ɗan kwikwiyo don gadin shago, sai ya saya masa jan abin wuya na fata, ya ɗaura masa, ya zauna cif. 'Yarsa ƙarama ta raɗa wa kwikwiyon suna Duna.

Duna ya yi ta girma, har gashi ya rufe abin wuyan. Wata rana matar kafinta ta kawo masa abinci shago, ta tsaya tana kallon karen.

"Maigida, abin nan ya matse shi fa. Ko yatsa ba zai shiga ba. Ka sassauta masa mana."

"Bari in gama ƙofar nan," in ji shi, ko zarto bai ajiye ba.

Ya gama ƙofa, ya shiga aikin kujeru. Duna ya rage haushi, kafinta ya ce ai hankali ya yi. Karen ya daina taɓa ƙashi, kafinta ya ce ƙoshi ne.

Ran nan ƙusa ta faɗi kusa da inda karen ke kwance. Da ya duƙa ɗauka, wari ya buge shi. Ya buɗa gashin, ya ga fatar abin wuyan ta nutse cikin nama, ƙudaje na bi. Sai da likitan dabbobi ya sa almakashi kafin ta fita.

"Ciwon ya ci ciki," likita ya ce.

Duna bai ga ƙarshen makon ba.

Kafinta bai yi hawaye ba. Washegari ya buɗe shago kamar kullum, ya zauna, ba ya jin komai a ransa. 'Yar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ya yi kuka kafin ya mutu?"

"A'a," ya ce. "Ba shi da muryar yi."

Ya jawo wani katako da ya riga ya yi sumul, ya ci gaba da gogewa.

Darasin shi ne, duk mai ran da ke ƙarƙashin kulawarka amana ne, balle wanda ba shi da bakin kai ƙara. Abin da ya yi masa daidai jiya yana iya shaƙe shi yau. Ka riƙa dubawa, kuma gyaran da hannunka zai iya yanzu, kada ka ɗaga shi.