Kurege da Mabuɗan Manya

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

Shekarar da fari ya ƙone daji, Giwa ta buɗe rumbun gyaɗarta, kowa mudu ɗaya a rana. Amma manyan daji gara su bushe da a ce sun yi roƙo. Sai Kunkuru ya kawo dabara: kowa da mabuɗin sirri a wayarsa. In ka sa hannu, rumbu zai tabbatar ɗan daji ne ya nema, amma ko Giwa ba za ta san wane ne ba.

Kurege ya ji, yawu ya tsinke masa. Ya ruga wajen Ɓauna ya zube.

"Ranki ya daɗe, sa hannu ya ɓoye sunanki, to ƙahon fa? Ba ni mabuɗin in riƙa karɓo miki."

Ta ba shi, har da godiya. Gwanki ma haka, Mugun Dawa ma haka, kowa yana roƙonsa ya rufa masa asiri.

Da gari ya waye, Kurege ya sa hannu sau huɗu. Ya kai wa kowa rabin mudu, wai awo ne ya ragu. Ya shafa tumbi yana cewa, "Ni ne Kurege, mai cin kunyar manya da ɓawonta!"

Kwana goma yana ƙiba suna ramewa. Ran nan yunwa ta ci ƙarfin Ɓauna, ta lallaɓa ta sa hannu da kanta, alhali Kurege ya riga ta. Ashe in mabuɗi ɗaya ya sa hannu sau biyu a rana, rumbu yana ganewa.

Da gari ya waye, Giwa ta tara jama'a. Ta ce an toshe wani mabuɗi, ba ta san mai shi ba, kuma ba shi da sauran gyaɗa sai ya fito ya yi bayani. Kurege ko gezau. Ya tabbata Ɓauna ba za ta buɗe baki ba.

Sai cikin Ɓauna ya yi ƙugin yunwa.

"Nawa ne," in ji ta, kai a ƙasa. "Kurege na ba."

Gwanki ya dubi Mugun Dawa, Mugun Dawa ya dubi Gwanki.

Kofato uku suka sauka a kan Kurege kafin ya kai rami. Yana lasar ƙafa ya leƙo ya ce, "A duba rumbu dai, in an ga sunana a ciki!"

Ƙurunƙus, har yau ba a gani ba.