Jeren Kakanni

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ban ji ku ba. Ku ce, "Ta zo mu ji ta." Yauwa.

Wani ɗan gari ne a cikin kwari, duwatsu sun sa shi a tsakiya, rana ma sai da hantsi take leƙo shi. Ruwan garin duka daga ido ɗaya yake fitowa, a gindin babban dutse. A jikin dutsen kuwa akwai ƙananan duwatsu a jere, layi bisa layi, tun daga ƙugunsa har kafaɗa. Jeren Kakanni ake ce masa. Duk wanda zai hau, ko itace zai yo, sai ya ɗauki dutse ɗaya ya ƙara a jeren. Dalili? Oho! Haka suka taras ana yi.

Akwai wata mai ginin tukwane, sunanta Ladingo. Matar nan akwai tambaya, in ka ce mata sannu sai ta ce da me. Ta sha tambayar tsofaffi dalilin jeren, sai su ce, "Ke dai ɗora naki ki wuce."

Ana nan sai aka naɗa sabon mai gari, Barau. Ya ɗaga kai ya ce, "Ga duwatsu an tara mana, muna ta wahalar tubali?" Sai ya sa aka kwaso, aka gina masa zaure. Da mutane suka gani, sai kowa ya hau kwasa, wannan katanga, wancan murhu.

Damina ta zo, ruwa ya gangaro ja wur, ya wuce da gudu. Kafin rani ya raba, ido ya ƙafe. Barau ya ce kowa ya ɗaure kaya, nan da kwana bakwai za a tashi. Ladingo ta ji abin har cikin ranta, don uwarta a garin nan take kwance, kakarta ma haka. Sai ta ƙulle gyaɗa a bakin zane, ta ɗauki goran ruwanta na ƙarshe, ta hau dutse.

Sai ta tarar da Ƙadangare. Ta ce, "Ƙadangare, don me kakanni suka jera duwatsu?"

Ya gyaɗa kai ya ce, "Don in sha hantsi mana."

Ta ce, "Kai dai ka ji daɗinka." Ta wuce.

Sai ta tarar da Gwaggon Biri. Ya ce, "Na sani sarai, amma ba na magana da yunwa." Ta kwance masa gyaɗa, ya cinye tas, ya share baki ya ce, "Don in zauna in hango gonar da ta fi nuna." Ɗan banza! Ya yi tsalle ya bar ta da ɓawo.

Sai ta kai can kafaɗar dutsen, inda masu kwasa suka yi ƙyuyar zuwa, jere ɗaya ya tsira. Ga wata tsohuwar Rema a kai, dabbar nan mai kama da zomo da ke zama cikin duwatsu. Ladingo ta gaishe ta, ta yi tambayarta.

Rema ta ce, "Zuba rabin ruwanki a kan falalen da kuka tsiraita."

Ladingo ta ce, "Iya, shi ke nan gare ni fa."

Rema ta ce, "To koma da tambayarki."

Sai ta zuba. Ruwa ya zurare, ko waiwaye babu.

"Zuba sauran a bayan jeren."

Ta zuba. Ruwa ya tsaya, ya yi shiru, ya nutse. Ladingo ta ce, "Ina ya tafi?"

"Matsa can gaba inda ba ki zuba ba, ki tona."

Ta tona, sai ga ƙasa da danshi, a tsakiyar rani! Rema ta ce, "Ruwan sama baƙo ne mai sauri. Kakanninku wurin zama suka yi masa. In ya zauna sai ya nutse, ya bi cikin dutse, ya fito muku a ido."

"To don me ba su faɗa ba?"

"Sun faɗa. Jikoki ne suka riƙe dutsen, suka yar da maganar."

Ladingo ta ƙulle ƙasar a inda gyaɗa ta fita, ta sauko, ta zube ta a gaban Barau. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwanmu ka yi zaure da shi." Ya damƙi ƙasar, ya sansana. Kunya ta kama shi. Sai ya miƙe, ya zare dutsen farko daga zaurensa, ya ɗora a ka, ya hau dutse. Jama'a suka bi shi da nasu, aka mai da jeren.

Ranin nan sun sha wuya, jakuna ke yini guda suna kawo ruwa daga wani rafi mai nisa. Amma ba wanda ya tashi. Damina ta faɗi, ta wuce, ido ya dawo, ya ci gaba da zuba. Barau kuwa, tun da ba zaure, a gindin tsamiya ya ƙare sarautarsa.

Don haka in kun gaji abu, ku tambayi dalilinsa kafin ku rushe, in kun ji kuma ku faɗa wa na baya. A garin nan har yau ba a ɗora dutse da baki a rufe. Sai mutum ya ce da ƙarfi, yadda yara za su ji, "Zauna, ruwa!"

Ƙurunƙus kan rema!