Dalilin da Ya Sa Kyanwa Ke Ɓoye Ciwonta

"Inna, wai don me kyanwa take ɓuya idan ba ta da lafiya?"

Ina tsintar shinkafa a bakin ɗakina na ji Kubura, 'yar wan maigidana, ta yi wa surukata wannan tambaya. Tun shekaranjiya ba a ga Toka ba, kyanwar gidan, yarinyar kuwa ko abincin kirki ba ta ci. Inna ta ce, "Ke tafi can! Ni kyanwa ce da zan sani?" Ban ɗago kai ba, don ban daɗe da zuwa gidan ba. Sai da Inna ta tashi alwala na yafito yarinyar, na ba ta labarin kamar yadda goggona ta ba ni.

Dalilin, Kubura, tun zamanin da ne, lokacin da kyanwa ba ta ɓoye komai. Idan ƙaya ta soke ta, tsakar gida take zuwa ta miƙa ƙafa ta faɗa da bakinta, a cire mata.

A lokacin akwai wata mai ƙuli-ƙuli, sunanta Tabawa. Ɓeraye sun addabi gyaɗarta, sai ta yi yarjejeniya da wata kyanwa. Kyanwa ta tsare buhunan gyaɗa, Tabawa kuma ta riƙa ba ta tuwo da ɗan nono, ta zuba mata ruwa mai kyau a kasko, ta kula da ita ranar ciwo. Suka zauna lafiya, har kyanwa ta haihu a ƙarƙashin rumbu.

Wata rana maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ga kyanwa kwance tana lashe baki. Ta ce, "Tabawa, haka kike cika mata ciki? To wane ɓera za ta kama? Kyanwa da yunwa ake barin ta."

Tabawa ta ɗauki maganar. Ta kife kaskon.

Kyanwa ga shayarwa, ga yunwa. Ƙarfin da za ta bi ɓera mai rai ma ya ƙare. Sai ta tsinci wani mushe a bayan danga, ta ci. Kafin la'asar cikinta ya murɗe. Ta ja jiki zuwa tsakar gida kamar yadda ta saba, ta ce, "Tabawa, cikina."

Tabawa na suya, masu saye sun tsaya a kanta. Ta ce, "Ina zuwa."

"Tabawa, cikina fa."

Sai kyanwa ta yi amai dab da farantin ƙuli. Masu saye suka toshe hanci suka fita. Ɗanbaba, mijin Tabawa, ya fito daga turaka ya ce, "Wa zai ƙara sayen abin hannunki? Kawo buhu."

Tabawa da kanta ta miƙa masa buhun. Ya saka kyanwa a ciki ya ɗaure baki, ya saɓa a kafaɗa zai kai ta hayin rafi, inda ba za ta gane hanyar dawowa ba. Da suka zo wucewa ta gefen rumbu, kyanwa ta yi magana daga cikin buhu, 'ya'yanta suna ji.

Ta ce, "'Ya'yana, da na yi shiru, da yanzu ina tare da ku. Duk wadda ta ji ciwo a cikinku, kada ta faɗa. Ta nemi lungu ta kwanta."

Da gari ya waye Tabawa ta kasa suya. Ta haye rafi tana kira, ba ta samu ko buhun ba. Ta dawo ta raini 'ya'yan da hannunta, tuwo da nono, kasko cike da ruwa. Amma ba wadda ta taɓa ce mata uffan. Ƙaramarsu ta rame, Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ina ke miki ciwo? Faɗa mini, wallahi ba buhu." Ta dube ta kawai ta wuce. Sai da aka zo yaɓen rumbu da kaka aka ga ƙasusuwanta.

Abin da ya sa ke nan har gobe kyanwa ba ta nuna ciwo. Sai dai mai ita ya lura, ya ga ta bar abinci, ta daina lasar jiki, ta koma lungu. Wanda ya jira ta faɗa, gawa zai tarar.

Kubura ta share ido ta ce, "Anti, to Toka ma ɓuya ta yi?"

Kafin in amsa, muka ji muryar babanta daga zaure. "Duk wanda ya ga kyanwar nan ya gaya mini. Shekaranjiya na gan ta tana amai, ba za ta shafa wa yara ba. Ga buhu nan na ajiye."

Ni kuwa na san inda take. Tana bayan tsofaffin tukwane a madafina. Da safe na ɗiga mata ruwa da cokali, ta haɗiye kaɗan. Ranar kasuwa yayana zai biyo, ya san malamin dabbobi, in dai za ta kai.

Kubura tana ta kallon bakina. Yarinya ce, murna za ta sa ta faɗa. Na ja farantin shinkafa gabana, na ce mata, "Allah ya bayyana ta." Na ƙudurta ko maigidana ba zai ji ba.